Abin da bangon ɗakin baje koli ke koya wa ɗalibin zane

A Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 tun makarantar tana kwaleji, ɗalibin digiri na biyu ba ya kammalawa da kundin bincike kaɗai. Sai ya baje aikinsa an gani. A makon ƙarshe kuwa ake ɓata aikin shekara biyu, galibi wajen ratayewa.

Tsayi ne farkon abin da ake kuskurewa. Ɗalibai kan daidaita saman firam, alhali tsakiyar zanen ya kamata a daidaita, kimanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye. A ja zare a bango a wannan tsayin, kowane zane a auna daga gare shi. Ƙusa biyu ake bugawa. Guda ɗaya tana barin zanen ya karkace da zarar an buga ƙofa.

Yanayi kuwa shi ne babban malami. Da hunturu iskar Zariya kan bushe ƙayau, katakon da aka ɗaure ƙyallen zane a kai ya tsuke ya lanƙwashe, musamman in ɗanye aka saya a kasuwa don araha. Fenti mai kauri sai ya tsattsage. Ga ƙura, wadda in ta sauka kan fentin mai da bai gama bushewa ba ta zauna kenan. Irin wannan fentin yana son wata shida kafin a shafa masa man ƙyalli, don haka wanda ya gama zane ana saura kwana uku kada ya soma shafawa, ya rataye shi haka. Da damina lamarin ya juya: takardar da ta manne da gilashi sai ta yi funfuna. Shi ya sa ake sa kwali mai taga tsakaninsu. Salatif kuma kada ya taɓa takarda, don tabon da yake bari ba ya fita.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne a ga rinannen ƙyalle, wanda aka sha wahalar turinsa, an kafa shi yana kallon taga. Ƙyalle da zanen takarda hasken da bai wuce lakis 50 ba suke so (lakis ma'aunin ƙarfin haske ne), zanen fentin mai yana ɗaukar 150 zuwa 200. Launin da rana ta cinye ba ya dawowa.

Sassaƙa da tukwane a ba su sarari yadda mutum zai zagaya, a kuma sa buhun yashi cikin akwatin da aka ɗora su a kai don kada kafaɗar wani ta tuntsurar da shi. Mai aikin bidiyo ya tanadi batir, kada a ɗauke wuta malamin da aka gayyato daga wata jami'a don tantance aikin yana tsaye.

Takardar bayani a manna ta gefen dama: suna, taken aiki, shekara, kayan da aka yi da su, sai girma, tsayi kafin faɗi. Sannan a rage yawa. Wanda ya yi zane talatin ya zaɓi sha biyu da ke amsa tambayar bincikensa, sauran su jira a ɗakin aiki, a ɗage su daga ƙasa saboda gara.