Asabar cikin hunturu: farin rubutun taya

Yau aikin tayoyi huɗu na wata 'yar ƙaramar motar Mustang ƙirar 1970 ne ya cinye yinin, irin ta roba da ake haɗawa da hannu, ma'aunin 1:25, wato ta gaske ta ninka ta tsawo sau ashirin da biyar. Jikin motar ya gama shan fenti tun makon jiya. Abin da ya rage shi ne sunan GOODYEAR da ke gefen taya, wanda aka fito da shi tudu-tudu amma baƙi ƙirin kamar sauran tayar. A ma'aunin nan, harafin da ya kai santimita biyu da rabi a tayar gaske milimita ɗaya ne kacal, don haka ɗigon fenti guda ya isa ya cike cikin O da D ya mayar da su dunƙule.

Bayan sallar asuba aka fara da wanki. Ruwa mai ɗumi, ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke, da tsohon buroshin haƙori. Tayar na fitowa daga masana'anta da wani maiƙo da ido ba ya gani, kuma muddin yana nan fenti tattarewa zai yi kamar ruwa a kan ganyen gwaza. Na bi layin mahaɗin da ya ɗan taso a tsakiyar taya da samfefa mai lamba 400 har ya baje, na ɗauraye, na kife musu kwano don kada ƙurar hunturu ta sauka a kansu. Sai da suka bushe sarai na sa kowacce a wilinta. Wannan mataki kada a tsallake shi: in aka yi rubutu kafin a sa taya a wili, wajen miƙewar robar fentin zai tsattsage.

Maganar fenti ita ce babba. Yawancin tayoyin nan da roba mai laushi ta PVC ake yin su, kuma abin da ke sa ta laushi wani sinadari ne mai maiƙo da ke cikinta. Fentin mai, irin wanda ake sirkawa da tina, in ya hau kanta sai ya gauraya da wannan sinadari ya ƙi bushewa. Akwai wata taya a aljihun tebur da na gwada shi a kanta watannin baya, yau na taɓa ta har yanzu danƙo take yi, ƙura ta manne mata kamar gari a jikin alewa. Fentin ruwa na akirilik shi ne abin amfani. Na ɗauki fentin kamfanin Tamiya mai lamba XF-2, fari marar sheƙi, ɗigo goma, na ƙara ɗigo ɗaya na XF-57 mai launin ƙasa-ƙasa. Fari fat a kan ƙaramar taya ihu yake yi. Duk wanda ya tsaya wajen masu faci ya dubi tayar da ke da farin rubutu ya san farin nata ya ɗan sha ƙasa. A tayar gaske ma ba fenti ba ne, farar roba ce a ƙarƙashin baƙar, ake kankare saman haruffan ta bayyana.

Da hantsi ɗan yayata ya leƙo ya ce, "Kawu, me zai hana a sa farin nan na goge kuskuren biro?" Na ce masa, "Ɗana, yana da kauri, kuma in ya bushe ɓarewa yake kamar ɓawon ƙwai da zarar ka matsa tayar." Na ba shi tsohuwar taya ya gwada ya gani da idonsa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta bugun hatimi. A sami farin kilina na fensir, a yanko ɗan guntu mai faɗin milimita huɗu da reza, fuskarsa ta zama sumul. A shimfiɗa fentin a kan gutsuren tayil, siriri sosai har kana hango tayil ɗin ta cikinsa. A dangwala kilinan, a buga sau ɗaya a kan takarda don rage yawan, sannan a ɗora shi a kan haruffa biyu ko uku, a ɗaga a miƙe ba tare da an ja shi gefe ba. Da yake kilinan a baje yake, saman tudun haruffan kawai yake taɓawa, ramukan da ke tsakaninsu su tsira. Bugun farko toka-toka zai fito, kuma haka ake so. A jira minti goma sha biyar a sake, sau uku gaba ɗaya. Mai neman ya gama a bugu ɗaya shi ke danna kilinan da ƙarfi, robar ta lotsa, fenti ya gangara cikin ramuka.

Busasshiyar iskar Kano ta wannan lokaci tana shanye fentin da ke kan tayil cikin minti ɗaya ko biyu. Taya ta biyu ta nuna min haka, don rubutunta ya fito da gurzau-gurzau saboda fentin ya fara kama jikinsa kafin ya kai ga harafi. Maganinsa shi ne a riƙa zuba kaɗan-kaɗan, ɗigo biyu a lokaci guda, da ɗigon X-20A, ruwan sirkin fentin. In ruwan ya yi yawa kuma sai ya malale, wannan ya fi muni.

Gyara da tsinken sakace ake yi. A fiƙe bakinsa, a jiƙa da ruwa in fentin ɗanye ne, a bi gefen harafi a hankali. In ya bushe, busasshen tsinke ma na kankare shi, don akirilik ba ya kama roba kamun a-zo-a-gani. Sifirit na kemis yana wanke komai, amma da shi da auduga sai in za a sake tayar daga farko. Inda farin ya bar dusu-dusu a kan baƙi, na taɓa da XF-85, baƙin da aka haɗa don kalar roba. Duk wannan a ƙarƙashin gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya a Farm Centre, a bakin taga.

Bayan la'asar na gwada biron Sakura Gelly Roll fari mai lamba 05 a kan tayar ajiya. Yana da sauƙin sarrafawa, kuma ga tayar da haruffanta ba su taso sosai ba ya fi kilina. Aibinsa jinkirin bushewa da saurin gogewa in yatsa ya taɓa. Ga ƙananan motoci na 1:64 irin su Hot Wheels, inda mafi yawan ƙafafun busasshiyar roba ce marar tudun rubutu, duk hanyoyin nan ba sa aiki, sai dai sitikar rubutu da ake jiƙawa a ruwa a manna.

Tayoyi huɗun yanzu suna ƙarƙashin kwano, kowacce a kan murfin kwalba, rubutu na kallon sama. Sai gobe da yamma zan bi saman haruffan kaɗai da XF-86, ruwan kariya marar sheƙi, da buroshi mai lamba 000. Taya ta biyu har yanzu R ɗinta na ƙarshe ya fi sauran kauri, ita zan sa a baya ta hagu, in juya harafin ya shige ƙarƙashin madigadi.