Kwana Huɗu a Tikiti, Kwana Biyu a Ƙasa

Ƙannena, akwai wata takarda da har yau take cikin jakar fasfona, duk ta yi laushi saboda ninkewa. Na rubuta ta makonni uku kafin tafiyarmu ta farko ni da maiɗakina zuwa Istanbul ta ƙasar Turkiyya. Kwana huɗu muka ware, daga Asabar zuwa Talata, ni kuwa na jera wurare goma sha bakwai, kowanne da lokacinsa a gefe. Hatta cin abinci sai da na yanka masa minti arba'in. Na miƙa mata ina jiran yabo. Ta karanta har ƙasa, ta ɗago ta ce, "Maigida, to ina lokacin zama?" Na ce ai ba zama zai kai mu ba.

Tun daga lissafin kwanakin na fara tafka kuskure. Da asuba jirginmu ya sauka. Kafin mu gama layin duba fasfo, mu jira akwatuna, mu yi tafiyar kusan kilomita 40 daga babban filin jirgin zuwa cikin gari, hantsi ya dubi ludayi. A otal aka ce mana ɗaki sai ƙarfe 2 na rana, kuma ba laifinsu ba ne, haka tsarin yawancin otal-otal yake, ni ne ban karanta ba. Da hankali ya yi aiki, da mun nemi wuri mun zauna. Amma takarda ta ce Ayasofya ƙarfe 10, don haka muka ajiye kaya muka fita da idanun da ba su rintsa ba tun jiya. Ginin nan an kammala shi a shekarar 537, ya yi coci, ya yi masallaci, ya yi gidan tarihi, ya sake komawa masallaci a 2020. Mutane suna ɗaga kai suna kallon ƙubbarsa baki sake, ni kuwa hamma ce ta buɗe nawa bakin. In ka tambaye ni abin da na gani a ciki, sai na duba hotunan wayata.

Ranar dawowa ma ba taka ba ce. Da tsakar rana za ka bar ɗaki, kuma ana so ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi idan ƙasa za ka tsallaka. Cire ranar isa, cire ranar tashi, abin da ya rage shi ne hutunka. Da na san haka, da wurare huɗu zan rubuta, ba goma sha bakwai ba.

Ranar Lahadi muka doshi babbar kasuwar nan mai rufi, wadda ake cewa shagunanta sun kai dubu huɗu. Tun daga nesa na ga shiru ya yi yawa. Ƙofa a garƙame. Ba ta ci ranar Lahadi, kuma duk wanda ya ɓata minti biyu a intanet ya san da haka. Ni na ɓata makonni uku ina tsara sa'o'i, ban taɓa tambayar wace rana ce ake rufe ina ba. Kusan kowane babban birni yana da irin wannan: fadar Dolmabahce a can ba ta buɗewa ranar Litinin, gidan tarihi na Louvre a Faris ba ya buɗewa ranar Talata. Ka fara da ranakun rufewa tukuna, sannan ka zuba sauran a kansu.

Sai taswira, wadda ta fi komai yaudarata. A fuskar waya ko'ina kusa yake, ba ta nuna maka tudu, ba ta nuna maka cunkoson motoci. Istanbul kuwa gari ne na hawa da gangara. Na kama otal a nesa saboda arha, abin da na rage a kuɗin ɗaki na biya shi da ƙafa da kuɗin tasi. Ashe Ayasofya da masallacin Sultan Ahmed da fadar Topkapi duk unguwa ɗaya suke, 'yan mintuna ne tsakaninsu a ƙafa. Ni da basirata na raba su kwana uku, muna zuwa muna dawowa kamar masu safa da marwa. Kuma kada ku yi mini dariya, har Kapadokiya na so in cusa, wurin da ake hawa balan-balan da sassafe, alhali tsakaninta da Istanbul ya haura kilomita 700. Allah ya sa kuɗi suka taka mini birki.

Ga sabon takalmi da na saya musamman don tafiyar. Kafin yammacin Lahadi ya sale mini diddige, ina tafiya ina ɗingishi ina duba agogo. Tsohon takalminka da ya san ƙafarka, shi za ka ɗauka.

Ranar Litinin da azahar maiɗakina ta zauna a kan wani benci a bakin ruwa a Eminonu, ta ce ba inda za ta ƙara zuwa. Na fito da takarda na fara karanto abin da ya rage, ta ce, "Ka je ka gaishe su." Don dai a rabu lafiya na yarda muka shiga jirgin fito da ke tsallaka mutane zuwa Kadikoy, wata unguwa a ɓangaren Asiya na birnin. Tafiyar ba ta wuce minti ashirin da wani abu ba. Muka zauna a waje, mai shayi ya zagayo da tire, ƙananan kofunan gilashi suna ƙara a kan farantansu. Tsuntsayen ruwa suna bin jirgin, wani yaro yana jefa musu gutsuren burodi suna cafewa tun bai taɓa ruwa ba. Hasumiyoyin masallatai suna ja da baya a hankali. Da muka isa, ko unguwar ba mu shiga ba, muka sake hawa muka dawo. Wannan awa ɗayar ba ta cikin takardata, kuma ita muke ba da labari har gobe.

Yanzu in zan yi gajeriyar tafiya, abu ɗaya babba nake sa wa kowace rana, da safe, lokacin da jiki ke da ƙarfi kuma layi bai yi tsawo ba. Shi kaɗai nake saya wa tikiti tun daga gida. In akwai wani ƙaramin abu kusa da shi, na leƙa. In babu, shi ke nan. Daga la'asar ba na rubuta komai. Kuma kafin in rubuta ko layi ɗaya, nakan tambayi abokin tafiyata me yake so, domin hutun da mutum ɗaya ya tsara wa mutum biyu, ɗaya ne ke hutawa, in ma an samu.

Abin da ya kamata ka matsa wa kanka a kai tun da wuri kaɗan ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Duba fasfonka, ƙasashe da yawa suna so ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare. Duba sunan filin jirgin da ke kan tikitinka, don Istanbul biyu gare ta, na biyun, Sabiha Gokcen, yana can ɓangaren Asiya.

Kada ku ɗauka jirgin fiton nan ya shiryar da ni nan take. Ranar Talata da sassafe na lallaɓe ta da cewa wuri ɗaya tak ya rage, fadar Topkapi, inda sarakunan Daular Usmaniyya suka zauna kusan shekara ɗari huɗu, mu leƙa kafin mu wuce filin jirgi. Muka isa muka tarar ranar Talata take hutu. Ba ta ce mini uffan ba, ta dai kama hanyar lambun Gulhane da ke gefen fadar, na bi ta a baya da ɗingishina. Topkapi dai har yau ban shiga ba.