Ɓeran Masar da ke rugawa wurin abinci ya koma da yunwa

Wata Asabar bayan la'asar wani bawan Allah ya zo min daga wajen Bunkure a kan babur, ɗansa a baya rungume da kwali. Yaron ba zai wuce shekara goma ba, idanunsa sun yi ja. Uban ya ce, "Malam, an ce kai ne mai ɓeran Masar a Kura. Wannan kwanansa uku yana rugawa wurin abinci, ya ɗauka ya saki, ya ɗauka ya saki." Na ɗaga shi na ji sakayau, ƙashin bayansa yana sukar tafin hannuna. Haɓarsa ta jiƙe sharkaf da yawu, gashin ƙirji ya dunƙule. Na ce me kuke ba shi? Ya ce dusa da ragowar tuwo. Ciyawa fa? "Ai wanda ya sayar mana a kasuwa ya ce dusa ta wadatar."

Wannan magana ta "dusa ta wadatar" na ji ta har na gaji. Ita ta kashe ɓerayen Masar a ƙauyukan nan fiye da kyanwa da muzuru.

Ɓeran Masar haƙora 20 gare shi: huɗu a gaba, biyu sama biyu ƙasa, ba shi da fiƙa, sai turame 16 can ciki. Dukkansu kuma ba sa daina tsiro tun daga haihuwa har mutuwa. Allah ya halicce shi ya wuni yana tauna ciyawa mai kaushi, taunar ce take goge haƙoran daidai yadda suke tsirowa. Ka ba shi dusa da tuwo, ya haɗiye cikin minti kaɗan ya ƙoshi, haƙori kuwa yana nan yana tafiya abinsa. Turamen nasa a karkace suke zaune. Na ƙasa idan suka yi tsawo sai su rusuna ta ciki, wani lokaci har su haɗu su yi gada a kan harshe su danne shi. Na sama kuma su yi tsini ta waje suna yankar kunci. Dabba tana jin yunwa, tana son abincin, amma harshen da zai tura shi maƙogwaro a ɗaure yake. Shi ya sa za ka ga ta rigi kowa zuwa bakin kwano, ta koma ciki wayam.

Mutane kuma gaban baki kawai suke dubawa. Su ɗaga leɓe su ga haƙoran gaba farare tas, su ce ba haƙori ba ne. Ko su ga sun ɗan karkace, su ɗauko abin yanke farce. Nan ne nake cewa kowa ya tsaya, don ni na taɓa yi.

Wurin kawuna na koyi kiwon nan, ina ɗan firamare. Yana da zomaye da ɓerayen Masar a wani tsohon ɗakin kaji bayan rumbu, aikina shi ne yanko ciyawa da lauje kafin in tafi makaranta. Kawu ba mai yawan magana ba ne. Idan ya zuba ciyawa sai ya tsuguna ya yi shiru, ya ce min, "Kai, saurara." Sai ka ji ɗakin ya ɗauki ƙurus-ƙurus kamar ana yayyafi a kan kwano. Ya ce duk wanda bakinsa bai shiga wannan sautin ba, shi za ka ɗauka ka duba. Da na fara nawa kiwon bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ina da wata mace ja mai farin goshi da nake kira Ƙyalla, uwa ce ta gaske, ba ta taɓa yar da ɗa ba. Ta fara dalala, na ga haƙoran gabanta sun yi tsawo, na sa filaya na datse. Ɗaya ya tsage har cikin dasashi, wurin ya yi ruwa, ainihin cutar kuma tana can a turame ban sani ba. Mako bai cika ba ta mutu. Daga baya wani likitan dabbobi a cikin birni ya nuna min cewa tsawon na gaba yawanci alama ce kawai: na ciki ne suka hana baki rufewa daidai, shi ya sa na gaba suka daina gogar juna. Tun daga ranar ban ƙara kai ƙarfe bakin dabba ba.

Abin da na saya a madadin filaya shi ne ƙaramin sikeli irin na masu kek. Kowace Juma'a da safe ni da ƙanena muna auna su ɗaya bayan ɗaya mu rubuta a littafi. Babban namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200, mace 700 zuwa 900. Gashi yana ɓoye rama, sikeli ba ya ɓoyewa. Wanda ya sauke giram 50 a mako ina ware shi in zuba masa ido, in ga yadda yake tauna, in duba kashinsa. Idan kashin ya ƙanƙance ya bushe, to abinci ba ya shiga yadda ya kamata. Kuma wannan dabba ba ta jure azumi. Wuni guda cur babu ci, hanjinta na iya tsayawa cak.

Ciyawa kuwa ba na wasa da ita. Da damina muna yankan kiri-kiri da harkiya da kyasuwa tun ba ta fitar da kai ba, mu shanya a inuwa ta bushe da ɗan korenta da ƙamshinta, mu jibge a rumfa don rani. Dare da rana ba a raba kejina da busasshiyar ciyawa. Harawar wake da ta gyaɗa ina ba masu ciki da 'ya'ya, manya kuwa kaɗan-kaɗan, don yawanta yana iya tara musu tsakuwa a mafitsara. Da rani ciyawar bakin kanal ta Kadawa tana nan shar, amma sai na san gonar da ke kusa, saboda feshin da ake yi wa tumatir. Na taɓa ba wani yaro kwangilar kawo min, ya riƙa cusa min mai fumfuna da ƙarangiya a tsakiyar dami, ya lulluɓe da mai kyau a sama. Sau biyu ya yi, na sallame shi.

Sai bitamin C. Ɓeran Masar kamar ɗan Adam yake, jikinsa ba ya ƙera shi, sai ya ci a abinci, miligiram 10 zuwa 30 kullum, mai ciki ta fi haka. Idan ya rasa, dasashi ya yi jini, haƙora su yi girgiɗi, gaɓoɓi su yi ciwo har ya riƙa jan ƙafa. Mu da muke zaune a tsakiyar masu noman rani ba mu da uzuri: yanki ɗaya na tattasai kullum ya isa, ga ɗan gwaiba, ga ganyen zogale. Ba na zuba maganin a ruwan sha, don haske yana kashe shi da wuri, wasu kuma su ƙi shan ruwan gaba ɗaya. Albasa da ganyen dankalin Turawa ba sa shiga keji.

Abin dariya, sunan Masar kawai ya ci. Asalinsa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wajen su Peru, inda har gobe ake kiwonsa don nama. Masara ma haka aka yi mata, daga Meziko ta fito muka jingina ta da Masar.

Shi wancan mutumin na Bunkure, da na gama bayani sai ya zaro Ampiclox daga aljihu, ya ce a kemis aka ba shi, bai dai fara ba tukuna. Na ce, "Alhaji, Allah ne ya taimaki yaron nan." Duk maganin da ke dangin fenisilin, irin Ampiclox ɗin nan, yana kashe ƙwayoyin da ke narka wa ɓeran Masar abinci a hanji, ya yi gudawa ya mutu cikin 'yan kwanaki. Na niƙa busasshiyar ciyawa na dama da ruwa da ɗan tattasai, na nuna wa yaron yadda zai ɗura da sirinji marar allura ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, dabbar a tsaye kan ƙafafunta don kada ta shaƙe. Na ce Litinin su shiga Kano wurin likitan dabbobi, don turame ba sa gyaruwa sai an sa shi barci an goge su da na'ura. Na kuma gaya musu gaskiya, wanda haƙoransa suka riga suka karkace sau da yawa sai an sake komawa. Bayan mako uku yaron ya sa aka kira ni don in ji ƙurus-ƙurus ta waya.

Duk da haka za ka ga mutum ya zo, ya ga nawa sumul-sumul, ya ce ai a kasuwa ya ga na rabin kuɗin. Ƙwarai kuwa akwai. An raba su da uwa tun ba su kai mako uku ba, wa da ƙanwa ake haɗawa shekara da shekaru har muƙamuƙi ya lalace a jini, an cusa su a kwali cikin zafin Afrilu, dabbar da zafi ke kashewa cikin awa kaɗan. Ni duk wanda na ga bakinsa bai daidaita ba, ba na barinsa ya haihu, ba na kuma sayar da shi. Ba na sayar da guda ɗaya tilo, don ba sa son kaɗaici, sai dai biyu. Kowane mai saye yana tafiya da damin ciyawa da nauyin dabbobinsa a rubuce a takarda. Mai son gani ya zo da hantsi lokacin da nake zuba musu ciyawa, ya tsuguna ya saurara kafin ya zaɓa.