Daga Rotorua zuwa gindin Ruapehu: kwana na huɗu a motar zango

Talata, tsakiyar Janairu. Tsibirin Arewa, Niyu Zilan.

Asuba ta yi wajen huɗu da rabi. A gida Najeriya idan an ce mutum ya fuskanci gabas an gama magana, amma a nan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata kudu, tsakanin digiri 255 da 260. Kamfas na hannu yana kauce wa arewa ta gaskiya da kimanin digiri 20 a ƙasar nan, ƙarfen mota kuma yana ƙara rikita shi, don haka sai an matsa taku goma daga jikin mota kafin a duba. Rana ma ta arewa take bi da tsakar rana, inuwa na faɗuwa kudu.

Mu biyar ne a motar. Tankin ruwa mai tsabta lita 100 yake ci, na ruwan wanke-wanke kusan haka, ga tukunyar gas mai kilo 9, ga akwatin bayan gida da bai kai lita 20 ba. Waɗannan huɗun su ne ke yanke inda za a kwana da lokacin da za a tashi. Dokar ƙasar ta ce motar da za ta kwana a wajen zangon biya sai ta iya riƙe mutanenta kwana uku, lita 12 ga kowane mutum, da bayan gida kafaffe a jikinta, da koren tambari a gilashin gaba. Wanda ya kwana inda aka hana, tarar dala 400 ce ta ƙasar. Wannan lissafi na lita 4 a rana ba a yi shi da mai alwala da tsarki a rai ba. Alwala a famfon mota tana cin lita uku zuwa huɗu, da buta kuwa ba ta kai lita ɗaya ba. Ruwan tsarki kuma duk cikin akwatin yake taruwa, shi ya sa akwatin da masu ba da hayar motar ke cewa zai yi kwana uku yake cika a kwana ɗaya da rabi. Maganinsa buta biyu, da amfani da bayan gidan jama'a da rana. Suna ko'ina, kuma da tsabta.

Ƙarfe bakwai muka je wurin zubar da ruwan datti. Tsarin aikin yana da muhimmanci. A sa safar hannu, a zaro akwatin, a juya bututunsa, a danna maɓallin iska yayin zubawa, in ba haka ba zai yi ta fantsama. A ɗauraye shi sau biyu da tiyon wurin, a zuba masa maganinsa da ruwa kamar lita biyu. Sannan a saki ruwan wanke-wanke. Daga ƙarshe a wanke hannu, a koma famfon ruwan sha, wanda yake dabam, a cika tanki da tiyon da ke cikin mota. Tiyon ɗauraye akwati bai kamata ya kusanci bakin tanki ba ko sau ɗaya. Minti ashirin aikin ya ci.

Rotorua wari take, warin ruɓaɓɓen ƙwai, saboda iskar farar wuta da ke fitowa daga ƙasa. Tafkin garin kansa bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ya rufta ruwa ya cika shi. Iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a kwari da ramuka, kuma idan ta yi yawa hanci yana daina jin ta, a nan haɗarin yake. Ba a kafa tanti a kwari kusa da inda ƙasa ke tururi. Zoben azurfa ma baƙi yake yi cikin kwana biyu. A tsakiyar tafkin akwai tsibirin Mokoia, na ƙabilar Te Arawa, wanda aka kawar da ɓeraye daga cikinsa domin tsuntsaye, ba a shiga sai da izini. Labarin da mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, ke bayarwa shi ne wata budurwa, Hinemoa, ta yi iyo zuwa can da dare da goruna ɗaure a jikinta. Yara sun gane wannan nan take, don sun ga masu haye kogi da gora a gida.

Zuwa Taupo kilomita 80 ne a hanya mai lamba 5. Hagu ake bi, irin tuƙin da Najeriya ta bari a 1972. Inda baƙo ke kuskure shi ne fitowa daga gidan mai ko wurin ajiye mota lokacin da titi ba kowa, hannu sai ya koma dama da kansa. Wanda ke kujerar gefe aikinsa ne ya ce "hagu" duk fitowa. Motar da ta haura kilo 3,500 iyakarta kilomita 90 a awa, kuma idan motoci sun yi layi a baya akwai wuraren ratsewa a ba su hanya. Dizal ya fi fetur araha a gidan mai domin harajin hanya ba ya cikinsa, dabam ake biyansa bisa kilomita, masu ba da hayar kuma za su cire shi ranar mayar da mota. A sa shi cikin lissafi tun farko.

Mun ratse Wai-O-Tapu mun kalli tafkin taɓon da ke tafasa, wanda ba a biyan kuɗin kallonsa. Taɓon toka-toka ne, yana kumbura kamar tuwo a tukunya, ya fashe ya watsa. Kusa da nan akwai rafukan ruwan zafi da ake shiga wanka, kuma a nan ne nake so duk wanda zai zo da iyali ya natsu ya ji. Allunan wurin suna cewa kada a nutsar da kai. Dalili shi ne akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwan ɗumi na ƙasa, ta hanci take shiga ta wuce ƙwaƙwalwa, kuma wanda ta kama da wuya ya tashi. Kamuwa da ita ba ta da yawa, shan ruwan ma ba shi ke kawo ta ba, shaƙa shi ne. Ma'ana ba a alwala da wannan ruwa, komai kyansa da ɗuminsa, domin shaƙa ruwa tana cikin alwala. Auta ta ce, "Abba, ko fuska kawai?" Na ce mata daga wuya zuwa ƙasa, kuma babu watsa wa juna.

Kafin shiga Taupo akwai Huka, inda kogin Waikato, wanda ya fi kowane kogi tsawo a ƙasar, yake matsewa daga faɗin mita 100 zuwa mita 15. Kimanin lita 220,000 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, wato tankin motarmu sau 2,200. Ruwan shuɗi ne mai haske, gadar da ake tsayawa a kai tana ɗan rawa a tafin ƙafa. Rabin awa ta isa.

Tafkin Taupo faɗinsa murabba'in kilomita 616 ne, kuma shi ma bakin dutse ne. Aman da ya haƙa shi ya faru shekaru kimanin 25,500 da suka wuce, wani babba kuma ya biyo baya wajen shekara ta 232 miladiyya. Shaidar tana bakin ruwa: fararen duwatsu masu huji-huji, irin na goge kaushi, ba nauyi. Ka jefa wanda ya kai dunƙulen hannu cikin tafki sai ka ga yana yawo a sama. A nan muka haɗa azahar da la'asar kasaru, muka ci shinkafa da sauran naman rago. Naman daga mahautar halal ta Auckland muka sayo shi, muka daskarar, domin a manyan kantuna ba kowane ƙunshi ke da tambari ba. Kilishi kada ma a ɗauko shi daga gida, irin wannan nama ba ya wuce filin jirgi, kuma duk abin ci da ke jaka sai an bayyana shi, har tanti da takalma ana duba ko da ƙasa a jikinsu. Kifin tafkin nan da ake ji da shi doka ta hana sayar da shi, sai mutum ya yanki lasisi ya kama da kansa.

Hanya mai lamba 1 tana bin gabar gabas kilomita 50 zuwa Turangi, da lanƙwasa masu tsanani a jikin dutse. Daga hanyar ana hango Motutaiko, tsibiri ɗaya tilo a tafkin. Wuri ne mai alfarma a wajen ƙabilar Ngati Tuwharetoa, akwai makwancin magabatansu, ba a sauka a kansa. A Turangi a cika mai, a sayi burodi da madara, domin gaba shaguna kaɗan ne kuma da tsada.

Daga nan hawa ne, kusan kilomita 50, zuwa ƙauyen Whakapapa da ke sama da mita 1,100. Duwatsu uku ke jere: Tongariro, sai Ngauruhoe mai siffar malfa, sai Ruapehu mai mita 2,797, da ƙanƙara a kansa duk da lokacin zafi ne. A 1887 shugaban Tuwharetoa, Horonuku Te Heuheu, ya sa ƙololuwan nan ƙarƙashin kariyar gwamnati, daga nan gandun daji na farko da gwamnatin ƙasar ta keɓe ya samo asali. Har yau ana roƙon baƙi kada su taka ƙololuwa, kada su taɓa ruwan tafkunan da ke sama. Doguwar hanyar ƙafa ta kilomita kusan 20 da ake zuwa dominta ba ta yara ba ce, awa bakwai zuwa takwas take ci. Mun bi ta ruwan Taranaki: kilomita 6, awa biyu, ruwa na zubowa mita 20 daga bakin tsohon narkakken dutse da ya daskare.

Abin da ya kamata a koya wa yara kafin a kafa tanti shi ne ambaliyar taɓo. A kan Ruapehu akwai tafki mai ɗumi a cikin bakin dutsen. Aman 1945 ya toshe mafitarsa da toka, ruwa ya yi ta taruwa, ranar 24 ga Disamba 1953 toshiyar ta ɓalle. Ruwa da taɓo da duwatsu suka gangaro kogin Whangaehu suka karya gadar jirgin ƙasa a Tangiwai, 'yan mintuna kafin jirgin dare ya iso. Mutum 151 suka rasu. A Maris 2007 irin haka ta sake faruwa, amma an riga an kafa na'urorin gargaɗi, an tsayar da hanya da jirgi, ba a rasa rai ba. Ƙa'idar ɗaya ce: in an ji jiniya, a bar kwari da bakin rafi, a hau tudu a ƙafa, kada a tsaya haɗa kaya. Mun taka hanyar gudun tare da yara har inda allo ya nuna. Hukumar GeoNet, mai sa ido kan duwatsu masu aman wuta, tana sa wa kowane dutse matakin haɗari daga 0 zuwa 5, a duba kafin a hau. Yau Ruapehu yana mataki na 1.

Ƙasar zangon toka ce da tsakuwa marar nauyi, gajeren turke ba ya kamawa. Sai dogo, a kafa shi a karkace, kansa na kallon nesa da tanti, a ɗora jarkar ruwa a kusurwar da iska ke bugowa. Hura wutar itace haramun ne a gandun. Girki a cikin tanti a rufe kuma yana tara iskar da ke kashewa ba wari. Mun biya wuri mai lantarki domin firij ya janye batirin da ke ba ɗakin motar wuta tun jiya. Soket ɗinsu ba ya karɓar filogin gida mai ƙafa uku, sai da mahaɗi.

Magariba sai tara saura kwata, daidai lokacin da ake tara saura kwata na safe a Kano, don tazarar awa 12 ce cif. Rana na faɗuwa sanyi ya sauko. Da rana ma'auni ya nuna 24 a Taupo, yanzu 7 yake nunawa. Sanyin daga ƙasa yake shiga, shimfiɗa biyu a ƙarƙashi ta fi bargo biyu a sama, kuma a bar taga a buɗe kamar yatsa biyu, in ba haka ba numfashin mutum biyar zai jiƙa rufi da barguna kafin asuba. Uwargida ta ce, "Baban yara, a shigo da manyan yaran daga tanti cikin mota." Haka aka yi, tanti ya kwana da kaya. Takalma da tocila suna bakin ƙofa saboda jiniya. Tanki ya rage lita 55, gobe sai an cika kafin a kama hanyar Whanganui.