Abin da ke cikin buhun abincin kaji

Shekara tara ke nan ina haɗa abincin kaji a wani ɗan fili da ke bayan garin Zariya. Mu shida ne, ni da yarana biyar, da injin niƙa ɗaya da na gauraya ɗaya. Duk mai kiwon da ya shigo tambayarsa ɗaya ce: “Alhaji, furotin nawa ne a ciki?” In ce masa na ’yan tsakin burola kashi 22 cikin ɗari, na masu ƙwai 16 zuwa 17. Ya ji daɗi ya biya. Ni kuwa na san wannan lambar rabin zance ce.

Wani malami a cibiyar binciken dabbobi ta Shika ne ya fara warware mini abin. Ya ce in ɗauki furotin kamar carbi, ’ya’yansa su ne amino asid, kala ashirin. Kaza ta ci, cikinta ya tsinke carbin, ta sake jera ’ya’yan yadda take so, ta yi tsoka da gashi da farin ƙwai. Wasu ’ya’yan jikinta na iya ƙerawa, wasu kuwa sai ta ci su a abinci. In kala ɗaya ya ƙare, jerin ya tsaya, ragowar kuma ta bi kashi. Masara ba ta da kalar da ake kira laisin sosai. Waken suya na da shi, amma wata kalar mai sulfa, metiyonin, kaɗan ce a cikinsa, ga shi gashin jikin kaza na cin irin amino asid masu sulfa. Shi ya sa nake auna wajen kilo biyu na farin garin metiyonin a kowane tan, da ƙaramin sikeli, da hannuna. Daga waje ake kawo shi, dala ta motsa ya motsa, amma ban taɓa rage shi ba.

Inda sana’ar take da gaske shi ne wajen gasa wake. Ɗanyen waken suya na ɗauke da wani furotin da ke riƙe sinadarin narkar da abinci a hanjin kaza. Wuta ce maganinsa, domin zafi na warware naɗin furotin, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko. Sai dai in wutar ta wuce misali, laisin ya manne da sukarin waken, kaza ba za ta more shi ba. Ina tsayawa kan gangar da kaina. In ɗebo ƙwaya in ɓare, in duba cikinta: ruwan zuma mai haske nake nema, da ƙamshi irin na soyayyar gyaɗa. In na tauna na ji gafi, da saura. In ta yi duhu har tana ɗaci, an yi asara.

Na taɓa yin wannan asarar. Na tafi Dawanau sayen masara, na bar wa yaro wuta, ya yi sauri ya sauke. Bayan sati biyu wata Hajiya mai tsaki ɗari biyar ta kira ni, muryarta na rawa: suna ci ba sa girma, kashinsu ya yi danƙo. Na je na gani da idona, na kwashe buhunan na canja mata. Kuɗin bai dame ni kamar fuskarta ba, don kuɗin adashinta ne ta zuba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne algus. A ɗakin gwaji nitirojin ake aunawa, a ninka da 6.25, a ce ga furotin. Marasa tsoron Allah sun gane haka, sai su barbaɗa takin yuriya, mai cike da nitirojin, a garin kifi, lamba ta hau, alhali babu amino asid ko ɗaya a cikin yuriya. Saniya na iya amfana da ’yar kaɗan saboda ƙwayoyin tumbinta, kaza kuwa cutuwa take yi. Tun da na kama wani dillali da wannan, na koma sayen busasshen kifi ɗungurungum ina niƙawa a gabana. Tunkuzar gyaɗa ma sai na fasa na sansana, in ta yi fumfuna ko kyauta ba na karɓa.

Bana ina tara kuɗin ƙaramin injin gasa wake mai ma’aunin zafi. Kafin ya iso, ranar gashi ba na zuwa kasuwa.