Wata uku tare da tsofaffin finafinan ban tsoro da littattafan da suka haife su

A hunturun da ya wuce na ɗaura wa kaina wani aiki da na daɗe ina ɗagawa, wato in kalli tsofaffin finafinan ban tsoro na Turai da Amurka bi da bi, bisa sharaɗin ba zan kunna fim ba sai na gama karanta littafin da aka ciro labarinsa. Na ajiye littafin rubutu kusa da kwamfuta, duk abin da ya tsaya mini a rai in rubuta shi kafin in kwanta.

Na fara da Frankenstein na Mary Shelley, wanda aka fara bugawa a 1818. A shekarar 1816, tana da shekara 18, ta je bakin tafkin Janeba a Siwizalan tare da mawaƙi Percy Shelley, wanda daga baya ya zama mijinta, inda suka haɗu da mawaƙi Lord Byron da likitansa John Polidori. Sanyi da ruwan sama sun hana su fita, saboda tokar dutsen Tambora da ya yi aman wuta a Indunusiya a 1815 ta rikita yanayin duniya, sai Byron ya kawo shawarar kowa ya rubuta labarin fatalwa. A wannan zama aka samo Frankenstein, aka kuma samo labarin Polidori na 1819, The Vampyre, wanda ya sa wa masha jini rigar mai sarauta. Shi kansa adabin da ake kira gotik, mai cike da kufan fadoji da kaburbura da asirin dangi, ya girme su duka, domin ana danganta farkonsa da littafin Horace Walpole na 1764.

Abin da ya fi taɓa ni a littafin Mary Shelley shi ne dodon da wani ɗalibin kimiyya mai suna Frankenstein ya haɗa yana magana, kuma magana mai ratsa zuciya. Ya ɓuya a wani ɗan ɗaki da ke jingine da bukkar wasu talakawa, yana leƙensu ta tsagar bango har ya koyi harshe da karatu, daga baya ya tsare wanda ya haɗa shi a kan dutsen ƙanƙara yana tuhumarsa da yin watsi da shi. Da wannan murya a kunnena na kunna fim ɗin James Whale na 1931, sai na tarar an yanke masa harshe, ba ya iya komai sai gurnani. Raina ya ɓaci, har na rubuta cewa an zalunci marubuciyar.

Kashegari na sake kallo, na tsaya a kan fitowar farko ta Boris Karloff, ɗan wasan da ya fito a matsayin dodon. Yana shigowa ta ƙofa da baya, ya juyo a hankali, ga kai shafaffe da fatar ido mai nauyi da ƙarafa biyu a wuya, aikin mai kwalliya Jack Pierce. An zaunar da shi, aka buɗe tagar rufi, haske ya sauko masa, sai ya miƙe ya ɗaga hannuwa biyu yana son kama hasken. Da aka rufe tagar, hannuwan suka sauko a buɗe suna rawa, kamar na yaron da aka ƙwace wa abu bai san laifinsa ba. Duk ƙorafin da dodon ya yi a shafuka masu yawa yana cikin waɗannan hannuwa. Tun daga ranar na daina auna fim da mudun littafi, na koma tambayar me aka sa a gurbin kalmomin da aka cire. Abin mamaki, a jerin sunayen farkon fim ɗin alamar tambaya aka sa a wurin sunan Karloff.

Akwai kuma wurin da dodon ya sami yarinya a bakin tafki, suna jefa furanni a ruwa suna kallon yadda suke yawo, da furannin suka ƙare ya ɗauke ta ya jefa, yana zaton ita ma za ta yi yawo a saman ruwa. Masu tace finafinai sun yanke ƙarshen wurin, ba a mayar da shi ba sai a shekarun 1980. A ganina yankewar ta fi muni, domin ta ɓoye firgicin da dodon ya shiga, ta bar mai kallo da zargin mugun nufi inda babu shi.

A kan Dracula kuwa kuskure na yi. Bayan na gama littafin Bram Stoker na 1897, wanda aka gina da wasiƙu da kundin tafiya da rahoton kyaftin ɗin jirgin ruwa, na kalli fim ɗin Tod Browning na 1931 da rana tsaka a waya, cikin hayaniyar gida, na ga ba ya tafiya. Da na maimaita shi bayan sallar isha, fitila a kashe, sai na gane cewa shirun da na ɗauka rauni shi ne makaminsa. Kusan babu kiɗa a cikinsa, ba a nuna fiƙa, ba a nuna cizo, sai idanun Bela Lugosi, wanda ya fito a matsayin Dracula, da muryarsa mai jan kalma da karin harshen Hangari. Ya riga ya goge da wannan rawa a dandalin wasan kwaikwayo na New York tun 1927, kuma ba ta sake shi ba har ya mutu a 1956, aka binne shi cikin alkyabbar Dracula. Duk da haka rabin fim ɗin na biyu ya yi zaman falo da yawa, kuma Nosferatu na F. W. Murnau, fim marar magana da aka yi a Jamus a 1922, ya fi shi shiga jikina. Inuwar Max Schreck, wanda ya fito a matsayin masha jinin, tana hawa matattakala da dogayen farata ta hana ni barcin kirki. An ɗauko labarin Dracula aka yi fim ɗin ba da izini ba, matar Stoker ta kai ƙara, kotu ta ba da umarnin a lalata shi a 1925, amma wasu kwafe suka tsira.

Karanta littafin da farko ya sa na lura da wani abu da da zai wuce ni. Dracula na Stoker yana yawo a titin Landan da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa, kuma a fim ɗin Murnau ne hasken safiya ya zama ajalin masha jini. Na rufe aikin da Dracula na kamfanin Hammer na Ingila, wanda Terence Fisher ya ba da umarni a 1958, mai launi, inda aka ga jini ja da fiƙoƙin Christopher Lee, wanda ya fito a matsayin Dracula, a fili. A ƙarshensa Peter Cushing, wanda ya fito a matsayin mai farautar Dracula, ya ruga a kan dogon tebur, ya yi tsalle ya fizgo labule, rana ta faɗo a kan Dracula, sannan ya haɗa ƙarafan ɗora kyandir biyu kamar gicciye ya tura shi cikin hasken har ya zama toka. Na koma shafin da na rubuta game da Nosferatu, na ja layi daga 1922 zuwa 1958, na rubuta a gefe cewa wannan mutuwa ba ta cikin littafin Stoker.