Tafiyar Abdul ce

Hazo ya sauko da ƙarfi yau, tun asuba leɓuna ke tsagewa. Na shiga Kasuwar Barci neman wa Ummi rigar sanyi, na kuwa yi sa'a, na tarar ana kwance sabuwar dila. Na samu ja mai hula, ko zare bai tashi a jikinta ba. Na ƙara da safa. Raina fes na hau Keke na dawo, har da tsayawa sayen awara a bakin layi.

Babu wuta a gida. Umma ta kwanta bayan azahar. Mubarak na zaune a kan tabarma a bakin ƙofar kicin, waya a kan gwiwa, an jona ta da fawa bank, yana ta jan yatsa a gilashi. Ko sallamata bai amsa da kyau ba. Kun dai san shi in ya shiga zanen nan.

Na ce, "Malam, yau kuma wane katun ake yi mana?"

Ya ɗago. "Yaya, don Allah ki daina cewa katun. Zo ki ga wani abu."

Na ɗauka nasa zai nuna min, sai ya buɗe YouTube ya sa min kan iyafis ɗaya a kunne. Ƙungiyar mawaƙan nan ce, Linkin Park. Na tuna su sarai, tun lokacin da Yaya Kabir ke Poly yana kunna faifansu a ɗakin zaure, Baba yana leƙowa yana cewa a kashe masu ihun nan. Amma wannan waƙar, Breaking the Habit, babu ihu a cikinta, babu kukan jitar nan mai tsaga kunne, babu gambara. Kiɗa ne mai sauri amma a danne, sai muryar mawaƙinsu Chester Bennington tana hawa a hankali. Mubarak ya ce tana cikin kundinsu Meteora na 2003, bidiyon kuma ya fito a 2004, shi ko haihuwarsa ba a yi ba.

Duk bidiyon zane ne irin na Japan. Gari ne mai dogayen benaye da duhu-duhu, 'yan sanda sun kewaye wata mota da mutum ya faɗo a kan rufinta. Sai wani hayaƙi mai fuskar mutum ya riƙa ratsa ɗakunan benen ɗaya bayan ɗaya. Ga wata yarinya ta fasa madubi tana zaune ita kaɗai da takarda a gabanta. Ga wata mata ta tarar da mijinta da wata, tana jifansa da tumatir. Ga wani ƙwaya ta gama cinye shi. Daga baya komai ya fara komawa baya, wanda ya faɗo ya tashi sama har ya koma kan rufin benen inda 'yan ƙungiyar ke kiɗa. Minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi, amma awarar da ke hannuna sai da ta huce.

Shi kuwa baki ya buɗe. Wai Joe Hahn, mai juya faifai a ƙungiyar, shi ya ba da umarni, ya haɗa kai da kamfanin zane na Gonzo a Japan, Kazuto Nakazawa ya jagoranci zanen, mutumin da ya yi sashen zanen da ke cikin fim ɗin Kill Bill. Wai wurin da suke kiɗa a kan rufi, sai da aka ɗauke su da kyamara da gaske sannan aka bi hoton ana zana shi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa motsin hannun mai ganga bai yi kama da na katun ba. Har kyautar zaɓin 'yan kallo ta MTV suka ci da shi a shekarar. Ni dai ina ta "uhm". Abin da ya tsaya min shi ne da ya ce ba Chester ne ya rubuta waƙar ba, Mike Shinoda ne, a kan wani abokinsa da shaye-shaye ya kama. Chester ya rera ta ne kawai, amma shi ma ya sha fama da irin wannan jarabar kuma bai taɓa ɓoyewa ba, shi ya sa kowa ya ɗauka tasa ce. A watan Yulin 2017 ya kashe kansa yana da shekara 41. Wanda ya san haka, ba zai iya kallon farkon bidiyon nan ransa a sake ba.

Sai a lokacin ya gaya min dalilin nuna min. Abokinsa Sadik ya yi waƙa da jitarsa, da Hausa, sun naɗe ta a wani ɗan situdiyo a Unguwar Dosa, shi kuma zai yi mata zane. Da manhajar zane ta FlipaClip yake yi, da yatsa. Zane goma sha biyu ke ba da daƙiƙa ɗaya, don haka rabin minti kawai zane 360 ne. Ya nuna min yadda manhajar ke barin inuwar zanen baya dishi-dishi a ƙarƙashin sabon shafi, sai ya matsar da ƙafa kaɗan, ya matsar da hannu kaɗan, ya buɗe wani shafin. Gefen babban yatsansa har ya yi kanta. Wallahi na ji alfahari da yaron nan, na kuma gaya masa.

Na tambaye shi me ya hana su ɗauki bidiyo da waya kamar kowa, ga abokai birjik masu son fitowa.

Ya ce, "Yaya, a garin nan in kika sa fuskar mutum yana riƙe da kwalbar kodin, ba wanda zai ji waƙar. Kowa tambayarsa ɗan gidan wa ye. Washegari an kai wa uwarsa. Shi zane ba shi da gidansu."

Maganar ta shige ni. Gaskiya ce. Mu nan ba ciwon muke fara gani ba, dangin mai ciwon muke fara lissafawa.

Sannan ya kunna min abin da ya gama. Bai wuce daƙiƙa ashirin ba, baƙi da fari, ko fuska babu, kai ne kawai zagaye. Wani saurayi ne ke tafiya a lungu, hannunsa ɗaya cikin aljihun jallabiya. Ƙafar hagu ba ta ɗaguwa sosai, silifas ɗin na jan ƙasa. Ya tsaya, ya karkatar da kai, ya sosa bayan wuya sau biyu, ya ci gaba.

Gabana ya faɗi.

Na ce, "Mubarak, wannan ai tafiyar Abdul ce."

Bai musa ba. Ya ci gaba da kallon wayar.

"Kai da ka ce zane ba shi da gidansu?"

"Ke kin gane ne don kin san shi."

"Gwaggo ma ta san shi. Ita ta goya shi. Kallo ɗaya za ta yi."

"Na sani."

"To ka gyara ƙafar mana. Ka cire susar nan."

Sai ya ɗago ya kalle ni, idonsa ya kaɗa. "In na cire, me ya rage? Sai ya zama kowa. Ni kuma ba kowa nake zanawa ba."

Na rasa abin cewa. Abdul ɗin Gwaggo ne fa ya fara koya masa zane, da gawayi a bangon gidan Kaka, ya zana masa jirgin ƙasa mai hayaƙi har Kaka ta biyo su da tsintsiya. Jan ƙafar nan tun haɗarin mashin ɗinsa ne, kuma daga maganin ciwon ƙafar abin ya samo asali, daga nan sai tiramol, sai kodin. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018, bayan rahoton nan na BBC, amma wanda yake so bai taɓa rasa inda zai samu ba. An kai shi asibiti ya samu sauƙi, ya yi 'yan watanni garau, har ya fara zuwa shago. Sai ya koma.

Yanzu in aka tambayi Gwaggo sai ta ce yana Zariya wajen kawunsa. Dukanmu mun san yana ɗakin baya, kuma dukanmu muna cewa Allah ya taimaka, a gaishe shi. Ni ban ga laifinta ba. Tana da 'yan mata biyu da ba su yi aure ba, ta san abin da bakin mutane ke yi wa gida. Amma rufin asirin nan ne ya sa Kawu Sale ya samu bakin kawo maganar gidan mari, bayan duk abin da aka gani a Rigasa a 2019, mutum sama da 300 aka fito da su, wasu da sarƙa a ƙafa. Tunda ba a yarda a faɗi sunan ciwon a fili ba, kowa sai ya kawo maganinsa a ɓoye.

To wa ke da gaskiya? Ina jin tsoron abin da zai faru in 'yan unguwa suka gani suka gane. Ina kuma ganin a duk danginmu, yaron nan ne kaɗai ya tsaya ya kalli Abdul da kyau, har ya san sau nawa yake sosa wuya. Mu sauran kawar da kai muke yi.

An kawo wuta da magariba. Tuwon shinkafa, miyar kuka. Ummi ta ƙi cire rigar, da ita ta kwanta. Umma ta tambaye ni ko kaina ke ciwo, na ce hazo ne.

Bayan isha'i ya turo min guntun zanen ta WhatsApp, alhali yana ɗakin da ke kusa da nawa. A ƙasa ya rubuta cewa ba zai sa shi a ko'ina ba sai Gwaggo ta gani ta yarda, in ta ce a'a zai goge, amma shi ba zai iya kai mata ba, ni take jin maganata. Ban ba shi amsa ba tukuna. Gobe akwai suna a Malali kuma Gwaggo za ta je, sai dai gidan suna ba wurin wannan maganar ba ne. In zan yi, sai na bi ta gida ranar Litinin bayan na tashi aiki, lokacin da 'yan matan ke Islamiyya. Kuma kafin ita, ina ganin Abdul ya kamata a fara tambaya, tunda ƙafarsa ce.